Barewa Ta Hau, Mu Kuma Muna Gidan Kallo

A shekarar 2022 ne ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Gazelle, wadda da Bahaushe ne ya raɗa mata suna da Barewa zai ce, ta haye zuwa Elite One, babban rukunin gasar ƙasar Kamaru. Garwa ta wayi gari da ƙungiyoyi biyu a sahun manya: Coton Sport da ta daɗe tana cin karenta babu babbaka, da kuma wannan sabuwar shiga. A kakar da ta biyo baya, Barewa ba ta tsaya ga neman tsira daga faɗuwa ba kamar yadda baƙin rukuni suka saba. Sai da ta kutsa cikin ƙungiyoyi huɗu da suka yi zagayen ƙarshe na neman kambu a 2023, ita da Coton Sport da Canon ta Yawunde da Bamboutos ta Mbouda. Gari ya yi murna, ni ma na yi. Samarinmu na Hausare da Yalwa sun sha hon a kan babura, masu shaguna a babbar kasuwa sun yi ta yi wa juna barka kamar an yi musu haihuwa.

Murnar ba laifi ba ce. Tambayata ga 'yan'uwana Hausawan Garwa guda ɗaya ce, kuma ina roƙon kowa ya fara amsa ta a zuciyarsa. A cikin dukan waɗanda suka yi wannan shewa, mutum nawa ne ya taɓa sayen tikiti ya kalli Barewa lokacin da take fafutuka a ƙaramin rukuni, babu kyamara, babu manyan baƙi, babu kowa sai rana da ƙura? Mutum nawa ya san sunan mai tsaron gidanta na wancan lokaci? Yaron da zai lissafa maka 'yan wasan Real Madrid har da na benci, da kuɗin da aka sayi kowannensu, a nan shiru zai yi. Mun zama 'yan a bi yarima a sha kiɗa. Ranar hawa muna sahun gaba, ranar wahala ko ƙeyarmu ba a gani. A kan wannan hali nake so mu zauna yau, domin abin da yake ci mana ya wuce ƙwallo.

Bari mu fara da sanin mene ne hawa rukuni, tun da yawancinmu ranar ƙarshe kawai muke gani. Ƙwallon Kamaru tsani ne. A ƙasa akwai gasannin jihohi, inda ƙungiyoyin unguwanni da na ƙananan garuruwa ke karawa. Zakaran jiha yakan tafi gasar da ake kira Interpoules, inda zakarun jihohi ke haɗuwa na 'yan kwanaki, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke samun gurbi a Elite Two. Daga Elite Two sai Elite One. Kowane mataki da kuɗinsa: rajistar ƙungiya, lasisin kowane ɗan wasa, albashi ko abin da ya yi kama da albashi, ladan cin wasa, takalma, magani da abinci. Ga ɗan Arewa kuma akwai wani haraji da ba a rubuta shi a takarda ba, wato nisa. Mafi yawan abokan karawa suna Kudu, a Yawunde da Duwala da garuruwan Yamma. Daga Garwa zuwa Yawunde tafiya ce ta fiye da kilomita dubu. Ƙungiyar da ba ta da kuɗin jirgin sama sai ta hau mota zuwa Ngaundare, ta haura wannan mugun hawan dutse da kowane direba ya san shi, sannan ta kwana a jirgin ƙasa ko ta ci gaba da zama a mota. Ta sauka da kumburin ƙafa, ta shiga fili da waɗanda suka kwana a kan gadonsu, idan an tashi ta sake juyowa. Haka za a yi ta yi wata da watanni. Maki ɗaya da aka samo a waje gumin kwana uku ne ko huɗu.

Ke nan wasan ƙarshe da muke zuwa mu yi shewa shi ne mafi arha a duk kakar. Tun a watannin da babu mai kallo ake biyan kuɗin hawa: ranar da aka ba 'yan wasa haƙƙinsu a kan lokaci, ranar da aka kai wanda ya karye asibiti, ranar da aka cika tankin mota ba tare da an ci bashi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Waɗanda suka ɗauki nauyin Barewa a waɗannan ranaku sun cancanci jinjina, kuma mu da muka zo daga baya ya kamata mu ji kunyar raba yabon da su.

Hawan ma ba shi ne ƙarshen magana ba. Tarihin Arewacin Kamaru cike yake da ƙungiyoyin da suka hau suka sauko. Dattawanmu suna tuna Étoile Filante, tauraruwar Garwa tun kafin a haifi Coton Sport. Masu matsakaicin shekaru sun ga Sahel ta Marwa, da Espérance ta Gidar, da Danay ta Yagwa, da Université ta Ngaundare, har da Roumdé Adjia ta nan cikin gari, duk sun taka babban rukuni. Kowacce an yi mata kiɗa ranar hawanta, kowacce kuma ta sauko ba tare da mai rakiya ba. Daga 1961 zuwa 1996 kambun ƙasa bai taɓa ƙetaro Adamawa ba, yana ta yawo tsakanin Duwala da Yawunde da Nkongsamba da Bafusam da Bafang. Daga 1997 zuwa yau kuwa, in ka cire Coton Sport, babu wata ƙungiya daga jihohin Arewa guda uku da ta taɓa ɗaga shi. Jihohi uku, miliyoyin mutane, yara masu ƙafa kamar ƙasa, amma bishiya ɗaya tal muke da ita.

Ita wannan bishiya ya kamata mu san yadda aka yi ta tsaya. An kafa Coton Sport a 1986 a inuwar Sodecoton, kamfanin auduga da aka kafa a 1974 mai hedikwata a nan Garwa. A farkon shekarun 1990 ta kai babban rukuni, a 1997 ta ɗauki kambunta na farko, zuwa 2023 kuwa ta tara goma sha takwas, shida daga ciki a jere, daga 2003 zuwa 2008. A 2003 ta kai wasan ƙarshe na kofin CAF, Raja ta Kasablanka ta doke ta. A 2008 ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka: Al Ahly ta ci ta 2 da 0 a Alƙahira, aka tashi 2 da 2 a Roumdé Adjia. A rigarta 'yan Nijar irin su Kassaly Daouda da Kamilou Daouda suka yi suna. Ta hannunta Jacques Zoua da Edgar Salli suka wuce Turai. Daga gare ta Vincent Aboubakar ya tafi Valenciennes a 2010, shi ne kuma ya ci ƙwallon da ta ba Kamaru kofin Afirka a 2017, ya zura takwas a gasar da aka yi a gida, ya kuma ci Burazil a Katar a 2022. Babu boka a cikin wannan labari. Albashi ne da ke zuwa ƙarshen wata, da wurin horon yara, da kuɗin tafiya da aka tanada tun kafin a fara kaka, da ofis mai ajiye takardu.

To amma mu tambayi kanmu, inuwar wa muke sha? Ƙarfin Coton Sport yana rataye da kamfani, kamfani yana rataye da auduga, auduga kuma tana rataye da ruwan sama da gumin manoman Pitowa da Gidar da Kayele, da farashin da ake yankewa a kasuwannin da ba mu taɓa takawa ba. Ba na yi wa kowa mugun baki. Ina dai tuna abin da ya faru ga maƙwabtanmu, domin in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. A Nijeriya an yi Leventis United ta Ibadan, ƙungiyar kamfani, wadda ta tashi daga rukuni na uku ta haye na biyu ta haye na ɗaya shekara bi shekara, ta ɗauki kambun ƙasa a 1986. Kafin shekarun 1980 su ƙare masu ita sun rufe ta. Abiola Babes ta attajiri guda ita ma haka ta ƙare. Raccah Rovers ta Kano ta zama zakaran Nijeriya a 1978, yau sai a bakin tsofaffi ake jin sunanta. Ƙungiyar da ke tsaye a kan aljihu ɗaya, ranar da mai aljihun ya gaji ko ya karye ko ya rasu, ranar za a yi jana'izarta.

A shekarar da Barewa ta hau, a shekarar Kano Pillars ta faɗi. Ƙungiyar da ta ɗauki kambun Nijeriya sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta sauka ƙaramin rukuni a 2022, ta dawo a 2023. Gwamnati ce ke riƙe da ita, wannan gaskiya ne, amma abin da ya hana gwamnati sakin ta shi ne jama'a. Bakano bai ɗauki Pillars a matsayin abin kallo na ranar daɗi ba. Tasa ce, ya ci da ita, ya faɗi da ita, ya bi ta har inda aka kore ta. Wace ƙungiya ce a Garwa za mu iya nunawa mu ce tamu ce a wannan ma'ana?

Kada wani ya ce mini ba mu da sha'awar zuwa fili. Na ga Roumdé Adjia a watan Janairun 2022, lokacin gasar kofin Afirka. Ranar 11 ga wata Nijeriya ta ci Masar 1 da 0, ta biyo da Sudan da Gini Bisau, kafin Tunisiya ta fitar da ita ranar 23 ga wata. Mun rufe shaguna, mun ɗinka riguna kore da fari, mun tarbi baƙi daga Yola da Mubi, mun yi ihu har muryoyi suka dushe. Garwa ta zama gida ga Ahmed Musa da abokansa, kuma hakan ya yi kyau, karamci ne. Sai dai baƙin sun tafi, filin da aka kashe dukiya aka gyara yana nan, 'ya'yan garin suna buga wasa a cikinsa kowace kaka, kujerun da muka yi rububi a kansu kuma rana ce ke zama a kai. Wanda ya yanka wa baƙo rago ya bar ɗansa da yunwa, sunan abin da ya yi neman suna.

Zan faɗi nawa laifin kafin in faɗi na kowa. Shekarun baya na zauna a kwamitin wata ƙaramar ƙungiya ta unguwarmu. Muna da yara masu kyau, muna da wani Alhaji mai hali da ya ɗauki nauyin komai. Shekarar zaɓe ce. Ya sayo riguna da sunansa a ƙirji, ya sayo ƙwallaye, yana zuwa fili da mota ana yi masa kirari. Muka yi rabin kaka muna saman tebur, har mun fara mafarkin Interpoules. Aka yi zaɓe, abin da yake nema bai samu ba, wayarsa ta daina shiga. Muna da wasa a wani gari, abin da muke bukata na mota da abinci jaka tamanin ne. Na zaga kasuwa shago shago kwana biyu. Mutanen da na san ba sa fashin biyan kuɗin tauraron ɗan'adam don kallon gasar Ingila suka yi ta ba ni haƙuri, wani ya ce kasuwa babu, wani ya ce ai wannan aikin Alhaji ne. Ba mu je ba, aka ba abokan karawarmu maki, daga nan zuciyar yaran ta karye, kaka ta watse. Ɗan wasan gabanmu yau haya yake yi da babur, idan ya gan ni sai ya kau da kai. Wani kuma wani dillali ya yi masa alkawarin Turai, mahaifiyarsa ta sayar da filinta, aka bar shi a Arewacin Afirka ba ƙungiya ba takarda, da ƙyar dangi suka dawo da shi. Na daɗe ina zagin Alhajin nan a raina. Daga baya na gane mu ne muka yi sake. Ba mu da littafin lissafi, ba mu da membobi, ba mu da sisi a ajiye. Mun jingina jinka a kan hannu ɗaya, muka zauna muna tafi.

Saboda haka laifin na mutum uku ne, kuma dukansu namu ne.

Na farko shi ne saurayin gidan kallo. Ƙanena, kai da kake faɗa da abokinka saboda Barcelona, har ku yi gaba ta mako guda, ka sani Barcelona ba ta san an haife ka ba. Ba na hana ka kallo, ni ma ina kalla. Amma lissafa abin da kake kashewa a wata: kuɗin shiga gidan kallo, kuɗin intanet, rigar da aka buga sunan wani a baya, da abin da ke zurarewa a rumfunan cacar ƙwallo da suka cika mana unguwanni. Kaso ɗaya cikin goma na wannan ya ishe ka tikitin wasan gida. Abin dariyar ma, ƙungiyoyin nan biyu da kuka fi haukacewa a kansu, Real Madrid da Barcelona, ba na wani attajiri ba ne. Na membobinsu ne, masu biyan kuɗin shekara, masu zaɓen shugaba da ƙuri'a. Kun kwaikwayi askin 'yan wasansu da tafiyarsu, kun bar abu ɗaya da ya sa suka daɗe.

Na biyu shi ne mai hali. Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ba hassada ce ta sa ni magana ba. Kyautar da kake yi ranar wasan ƙarshe, a gaban jama'a, ana kiran sunanka a lasifika, ba ta gina ƙungiya. Abin da ke gina ta shi ne kuɗin da ba a gani: ladan mai horar da 'yan shekara goma sha uku, kuɗin lasisi, kuɗin mai. In kana son sunanka ya daɗe, ka zuba a asusun da ba kai kaɗai ke da mabuɗinsa ba, ka yarda a yi maka tambaya, ka bar abin da zai rayu bayan ka gaji.

Na uku su ne iyayenmu da ke cewa ƙwallo wasan banza ne, aikin marasa aikin yi. Ina girmama damuwarsu, domin sun ga yaran da ƙwallo ta raba da karatu. Amma ina tuna musu cewa Bahaushe bai taɓa raina wasa mai tsari ba. Su wa suka riƙe dambe in ba mahauta ba? Sarkin fawa ne ke saukar da ɗan dambe, ya ciyar da shi, makaɗa su yi masa kirari, gari ya fito. Kokawa bayan kaka haka take, da dokokinta da alƙalanta da manyan da ke zaune suna kallo. Kakanninmu sun san jinin saurayi sai an yi masa magudana, in ba haka ba zai nemi tasa. Ko kun yarda ko ba ku yarda ba, yaran suna bugawa, a kan titi, a bakin Binuwai, a filayen makarantu. Zaɓin da ya rage shi ne su buga a ƙarƙashin idon manya, da sharaɗin zuwa makaranta, ko su buga a ƙarƙashin idon dillalin da zai sa uwa ta sayar da fili.

Mafita ba daga Turai za mu ɗauko ta ba, tana cikin gidajenmu. Wace unguwa ce ba a adashi a cikinta? Iyayenmu mata da adashi suke aurar da 'ya'ya. 'Yan kasuwarmu da amana suke tura kaya Yola da Kano da Njamena, wani lokaci ko takarda babu. Mahauta da teloli da direbobi da masu goro kowa da ƙungiyarsa da shugabansa. Mu ɗauki wannan ilimi mu kai shi fili. A ce mutum 2,000 sun yarda kowa ya zuba jaka ɗaya a wata. Sefa miliyan 2 ke nan a wata, miliyan 24 a shekara. Wannan ba zai sayi jirgin sama ba, amma zai riƙe ƙungiyar jiha da mutunci, ya biya mai horarwa, ya yi wa yara lasisi, ya kai su duk wasan waje ba tare da an zaga kasuwa da ƙoƙon bara ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

An gwada irin wannan an gani. A Ingila, a 2002, bayan an amince a ɗauke ƙungiyar Wimbledon daga unguwarta a kai ta wani gari, magoya bayanta suka kafa tasu da kuɗinsu, AFC Wimbledon. Suka fara daga mataki na tara, suka hau sau biyar cikin shekara tara, a 2011 suka shiga rukunin ƙwararru. Al Ahly da ta hana mu kofi a 2008 tun 1907 take, kuma membobi ne ke zaɓen shugabanninta. A nan gida ma, dubi yadda mutanen Mbouda ke bin Bamboutos gari gari suna cika fili. Ba su fi mu kuɗi ba, sun dai ɗauki ƙungiyar a matsayin mutuncin garinsu.

Akwai kuma wata riba da yawancinmu ba mu sani ba. A dokar FIFA, idan aka sayar da ƙwararren ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 da 23. Akwai kuma diyyar horo da ake biya idan yaro ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru. Sharaɗin shi ne a ga sunan ƙungiyar a tarihin rajistar yaron. Yaron da ya tashi a filin unguwa ba lasisi, ko ya zama tauraro, unguwar ba ta da ko dala a cikin cinikinsa. Dokar nan kuma ta hana kai yaro ɗan ƙasa da shekara 18 wata ƙasa don ƙwallo, in ban da 'yan yanayi kaɗan da aka keɓe. Ƙungiya mai ofis da sakataren da ya san wannan ita ce za ta tare dillali a bakin ƙofa ta tambaye shi takardarsa. Da muna da irinta a lokacin, da filin matar nan yana hannunta.

Na san abin da za a ce. Za a ce ina kiran ƙungiyar ƙabila. Allah ya kiyaye. Garwa gari ne na Fulani da Fali da Bata da Tupuri da Mundang da Barebari da mutanen Kudu da mu, ƙwallo kuma ba ta tambayar yaren ƙafar da ta buga ta. Abin da nake kira shi ne mu zama masu ɗaukar nauyi, ƙofa kuma a buɗe ga duk yaron da ya iya da duk mai son zuba jakarsa. Kakanninmu sun iso wannan gari da fatauci tun ƙarni na 19, mun gina kasuwa, mun gina unguwanni, amma har yau akwai masu kallonmu a matsayin baƙin da suka zo cin riba. Al'ummar da ba a ganin hannunta a cikin abin da gari ke alfahari da shi, baƙuwa za a ci gaba da kiranta ko ta shekara ɗari biyu. Ranar da aka ji kalangu a Roumdé Adjia, aka ji kirari da Hausa ana yi wa yaro Batupuri da ya ci mana ƙwallo, ranar mun yi wa kanmu bayanin da dogon jawabi ba zai yi ba. 'Ya'yanmu da Hausarsu ke narkewa tsakanin Fulatanci da Faransanci su ma za su ji harshensu a wurin da suke ƙauna.

Za a ce kuɗin jama'a cinye shi ake yi. An sha yi, ba na musu. Maganinsa tsari ne, kuma a rubuce tun ranar farko: kowane memba da katinsa da ƙuri'arsa ɗaya, ko jaka ɗaya ya zuba ko ɗari, asusu a banki da sa hannun mutum uku, a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a bainar jama'a duk wata uku, shugaba ya yi wa'adinsa ya sauka, kada sunan ɗan takara ya hau riga, yaron da ya bar makaranta, ta boko ko ta allo, ya ajiye takalmi sai ya koma. Uwar adashi da ta ci amana sau ɗaya ba ta sake ganin zubi. Abin da mata suka iya tsarewa a tsakar gida, maza ba su da hujjar kasawa a kansa.

Za a kuma ce, me ya sa ba za mu mara wa Barewa da Coton Sport baya kawai ba? Ai da nan za a fara. Wanda bai iya sayen tikiti ɗaya ba, ba shi za a ba riƙon ƙungiya ba. Mu cika fili ranar da suke gida, musamman ranar da abokin karawar ba mai suna ba ne, ranar da aka sha kashi a makon da ya wuce. Sai dai manyan ƙungiyoyi biyu ba za su ɗauke dukan yaran Garwa ba. Suna bukatar ƙananan da za su riƙa shayar da su, kamar yadda Binuwai ke bukatar ƙoramu. In ƙasan tsani ya ruɓe, na sama ma ba zai daɗe ba.

Hausawa suna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gaskiya ne, amma sai ɗan ya sha nono. Yanzu haka akwai wata ƙaramar ƙungiya a jihar Arewa da ke lissafin kuɗin motar wasanta na gaba, akwai wani sakatare da ke zaga kasuwa kamar yadda na zaga. Idan ya iso shagonka, ɗan'uwa, kada ka ce masa aikin Alhaji ne. Tambaye shi littafin lissafinsu. In yana da shi, ka zuba, ka karɓi rasit, ka tambayi ranar wasa, ka je da ɗanka. In ba shi da shi, ka zaunar da shi ku buɗe. Ranar da suka hau, sai ka yi hon ɗinka da hujja.

Allah ya sa mu gyara.